Uwa Kaɗai Ta Rage

SHAFI NA 7

Masu turo min "ina ci gaba, ina ci gaba" tun kafin in wanke ido, kamar ni injin buga takarda ce, to ga shi nan. Ke kuma da kika ce za ki fita daga guruf in na sake jinkiri, na ga kina nan kina leƙe, sannu da fita.

* * *

"Zube su nan," in ji Injiniya, ta ture wata buɗaɗɗiyar kwamfuta gefe da gwiwar hannu.

Na jera mata kwalayen a kan tebur kamar 'yar makarantar da aka ce ta miƙo littafin aikin gida.

Injiniya mace ce mai shekara hamsin da 'yan kai, shagonta na hawa na biyu a kasuwar kayan lantarki, kullum yana warin dalma. Ita ta koya min sunayen kayan nan da Hausa, don ranar farko da ta ce min firosesa da madabod sai na tsaya ina kallon bakinta. Ta ce to, firosesa ki kira shi ƙwaƙwalwa, shi ke tunani. Madabod kuma ki ce uwa, don kowa a jikinta yake zama.

Na ce mata, "A gidanmu dai ba haka ba ne."

Ba ta tambaye ni ba, ni ma ban ƙara ba. Tamu uwar ta bar gida ina da shekara goma sha biyu, kuma tun ranar bakina bai sake cewa Umma ba. In dole ta sa, uwar nake cewa in wuce.

"Yau ce Asabar ɗin?" Injiniya ta tambaya tana yanka ledar kwalin farko.

"Yau ce. Ƙarfe huɗu na ce masa."

"Ya amsa?"

"Ya ce, Asabar. Kalma ɗaya, amma ai ya ce."

Baba nake nufi. Shekara talatin yana jan babbar mota, sai ga shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi. Wata huɗu ke nan da sallamo shi daga asibiti, ko bakin ƙofar ɗakinsa bai taka ba. Likita ya ce ƙafar za ta iya da sanda, mai ƙafar ne ya ƙi. Rannan ina zaune kusa da shi ina kallon bidiyon wani yana buga gem ɗin tuƙin babbar mota da sitiyari, sai na ji an damƙe min hannu.

"Giya," in ji Baba, idonsa a kan wayata. "Bai... iya... giya ba."

Wallahi kuka na yi. A nan na yi masa alkawarin zan haɗa masa kwamfuta a falo, da sitiyari da birki da totur, ya fito ya nuna wa yaran nan yadda ake tuƙi. In yau ya fito ya tarar da kwalaye, na san Baba, ba zai sake fitowa ba.

Injiniya ta ɗaga ƙwaƙwalwar tsakanin yatsu biyu, ta karanta lambar jikinta ta saman tabarau.

"Wannan kin kyauta. Waye ya sayo ram, 'yar sandar nan da ƙwaƙwalwa ke ajiye aikinta a ciki?"

"Malama. Yayata."

"Me take koyarwa?"

"Lissafi."

"To yau ta faɗi lissafi." Ta zaro wata ram daga durowa ta haɗa su baya da baya. "Matso. Kin ga 'yar tsagar nan ta ƙasa?"

Na leƙa. Tsagar tamu ta ɗan goce kaɗan, ko kaurin farce bai kai ba.

"Wannan ɗin ne zai hana?"

"Shi ne. Taku 'yar zamani na huɗu ce, ƙwaƙwalwarki kuma da 'yar na biyar kaɗai take magana. Ko da guduma kika buga ba za ta shiga ba."

"To me ya sa suke yin su kama ɗaya?"

"Don irinku ku riƙa zuwa gaishe ni."

Na kira Malama. Ta ce ita dai ta ga mai fitilu masu canja kala ce, ta ce Baba zai so ta. Injiniya ta yi dariya har da tari, ta ce tunda ba a fasa ledar ba za ta musanya mana, amma fitilu kam sai dai Malama ta yi haƙuri.

Sai ta ɗauko katin hoto, wanda shi ne zai zana wa Baba titi da bishiyoyi. Ta zaro tef irin na teloli daga wuyanta ta auna tsawonsa, ta auna cikin akwatin kwamfutar.

"Kai! Da kyar."

"Ba zai shiga ba?"

"Zai shiga, in na cire wannan ƙarfen na gaba. Yatsa ɗaya zai rage." Ta juya akwatin wuta ta duba bayansa. "Wat nawa katin yake so?"

"Ɗari shida da hamsin. Na ɗauko mai ɗari bakwai da hamsin, kin ce a bar masa wurin numfashi."

"Iye! Ashe kina ji."

Na ji kaina ya kumbura. Ni da wata biyu baya ban san kwamfuta tana da fanka a ciki ba.

"To ina uwar?"

"Tana hanya. Yaya zai kawo."

Yaya shi ne babbanmu, mai shagon tayoyi. Mutum ne da ba ya karanta saƙo in ya wuce layi biyu, guruf ɗin gidanmu kuwa ya kashe masa ƙara tun bara. Shi ya sa na tura masa saƙon murya shi kaɗai.

"Kira shi," in ji Injiniya. "Ƙwaƙwalwa gurbinta ɗaya ne. In soket ɗin uwar bai zo daidai ba, duk waɗannan kwalayen ado ne. Ba mai tsada nake so ba, wadda ta dace nake so."

Na kira, na sa a amsa-kuwwa. Ƙarar titi ce ta fara shigowa.

"Auta, ina tuƙi."

"Yaya, ka samo ta?"

"Na samo ta."

"Alhamdulillahi! A ina?"

"Inda take duk shekarun nan mana."

"Shekaru? Yaya, tsohuwa ka ɗauko? Tsohuwa fa ba za ta yi ba!"

"Ke, ki iya bakinki. Tana jin ki."

"Wa ke ji na? Mai shagon? To ka tambaye shi, ba a taɓa amfani da ita ba ko? Ka duba haƙoran gurbin ba su lanƙwashe ba?"

"Haƙora? Auta, lafiyarki ƙalau?"

"Kuma kar ka sa ta a but, girgiza tana lalata su. Ka ɗora ta a kujerar gaba."

"A gaba take," ya ce, muryarsa wani iri. "Ƙarfe uku muna gida."

Ƙit, ya kashe.

Injiniya ta cire tabarau, ta daɗe tana goge shi da gefen mayafi.

"Yayan nan naki ya san kwamfuta?"

"Ko kunna ta bai iya ba. Amma na tura masa hoton kwalin da lambar."

"Ya buɗe?"

Na duba. Saƙon muryar ya saurara. Hoton kuwa yana nan yadda na tura shi, ko taɓa shi bai yi ba.

Ta miƙe, ta sauko da wani faffaɗan kwali daga kanta ta tura min cikin jaka.

"Riƙe wannan. In tasa ta yi, ki dawo min da ita. In kin zo ɗora ƙwaƙwalwa, ki daidaita 'yar alamar kusurwa, ki sake ta ta zauna da kanta. Kada ki danna." Ta kalle ni. "Kuma ki sha ruwa kafin ƙarfe uku."

"Ruwa kuma?"

"Ki dai sha."

Har na sauko bene ina mamakin me ya haɗa ruwa da kwamfuta.

* * *

Ƙarfe biyu da rabi mun gama share falo ni da Malama. Mun ɗaure sitiyarin a gefen tebur, mun sa kujerar Baba mai hannu a gabansa, birki da totur a ƙasa daidai ƙafarsa mai lafiya.

Ƙaramin sukundireba ne babu. Na jawo akwatin kayan gyaran Baba daga bayan ƙofa, tsohon akwatin ƙarfe da ya yi shekaru a ƙarƙashin kujerar motarsa. Hawan sama sifanu da filaya ne, na samu abin da nake nema. Hawan ƙasa kuwa da ɗan kwaɗo a jiki.

"Malama, me ke cikin nan?"

"Takardun mota, ina ji."

"Takardun mota ne makullinsu yake wuyan Baba? Ko a asibiti fa bai bari an cire zaren ba."

"Ke dai kin cika bin diddigi. Miƙo min ram ɗin nan marar fitila."

Na girgiza akwatin. Abin da ke ciki ba ƙarfe ba ne, wani shuu yake yi. Ina shirin sake girgizawa na ji hon a waje.

Da gudu na buɗe ƙofa. Yaya ne tsaye, hannu biyu a aljihu.

"Ina kwalin?"

"Wane kwali?"

"Uwar mana!"

Sai ya matsa gefe.

Wata mata ce a bayansa, 'yar siririya, ta rungume jakar hannu a ƙirji. Furfura ta leƙo ta gaban ɗankwalinta. Ban gane fuskar nan take ba. Tsayuwar na gane, yadda take karkata kai gefe ɗaya, don haka nake tsayuwa a duk hotunana.

Malama ta saki ram ɗin a kan kafet.

"Umma?"

Ni kuwa maƙogwarona ya bushe ƙamas. Sai a lokacin na tuna da ruwan Injiniya.

"Yaya," na ce, "mene ne wannan?"

"Abin da kika ce in kawo."

"Ni? Yaushe?"

Ya zaro waya ya danna. Muryata ta cika falon:

"Yaya, komai ya haɗu, uwar kaɗai ta rage. In babu uwar, wallahi Baba ba zai fito ba. Kai ne babba, kai za ka kawo ta ranar Asabar. Don Allah kar ka ba ni kunya."



Malama ce ta fara. Wata dariya ta kufce mata, ta toshe baki, dariyar ta koma kuka.

"Madabod!" na ce da ƙarfi. "Madabod nake nufi, Yaya! Uwar kwamfuta! Wani faifai ne mai wayoyi!"

"To ni ina na sani? Ke ce fa ba kya cewa Umma. Uwar kike cewa tun kina ƙarama. Da na ji saƙon nan sai da na faka mota na zauna. Na ce yau Auta ta sauko."

"Ban sauko ba!"

"Ke ma kin ji shi? Sau nawa kika saurara?" Malama ta tambayi matar cikin kuka.

"Ya turo min," in ji ta a hankali. "Ban ƙirga ba. Ban san muryarta ta zama haka ba."

Kunya da haushi suka haɗu suka kama ni. Na juya kan Yaya, don shi ne zan iya kallo.

"Ya turo mata? Kana da lambarta ke nan?"

Ya sosa ƙeya.

"Yaya, magana nake."

"Duk wata ina zuwa wurinta."

"Tun yaushe?"

"Tun da na fara tuƙi."

"Shekara tara! Kana zuwa ka dawo ka zauna mu ci abinci, ba ka taɓa cewa komai ba?"

"In ce me? Ke ko sunanta aka kama sai ki tashi ki bar wurin."

"A asibiti fa," matar ta ce, "na zo. Da safe, in kin tafi aiki. Bai farfaɗo ba a lokacin. Nakan zauna in tafi kafin ki dawo."

Sai na tuna. Kullum in na dawo sai in tarar an shafa wa Baba mai a ƙafa, an yanke masa farce. Har godiya na yi wa wata nas, ta tsaya tana kallona kamar na zautu.

"Ba ke nake wa magana ba," na ce.

"Auta!" in ji Yaya.

"Bar ta," ta ce. "Na ji a waya ai. Ta ce tsohuwa ba za ta yi ba."

Wallahi da ta zage ni da ya fi min sauƙi. Na ji maganar har tafin ƙafata.

Ta ɗan leƙa tebur, ta kalli sitiyarin da kwalayen.

"Wannan ne za ki haɗa masa? Ke da kanki?"

"Ni da kaina."

"Da ma ke ce mai kwance rediyo ki ga mutanen da ke ciki."

"Kin tuna da rediyo," na ce, "amma shekara goma sha ɗaya ko gaisuwa ba ki aiko min ba. Ko layi ɗaya. Na yi ta zama a bakin ƙofar nan, har maƙwabta suka daina tambayata me nake jira."

Ta ɗago kai da sauri.

"Ko layi ɗaya?"

"Ko ɗaya."

Ta juya ta kalli Yaya. Yaya ya kalle ta, ya buɗe baki.

"Umma, wallahi ina kawowa. Duk wadda kika ba ni. Kin ce in ba Baba a hannu, kar a ce kina zagayawa ta bayansa. Shi nake ba wa."

"Kana kawo me?" na ce.



Ƙwas.

Duk muka juya.

Ƙwas. Sai jan ƙafa. Ƙwas.

Sandar Baba ce, wadda muka saya tun ranar sallama, take jingine a bayan gadonsa har ta yi ƙura. Labulen ɗakinsa ya motsa, hannu ya kama bakin ƙofa.

Baba ne tsaye da ƙafafunsa. Rigarsa a karkace, gumi yana bin goshinsa, amma a tsaye yake. Ƙarfe uku da kwata, kwamfuta ko noti ɗaya ban ɗaura mata ba.

Na zabura zan riƙe shi, ya ɗaga min sanda alamar in tsaya.

Bai kalli sitiyarin ba. Ko kusa. Ita yake kallo.

"Na... ji... muryarki," ya ce.

"Sannu da jiki," in ji ta.

Ya tako. Taku ɗaya, biyu, uku, ni ina ƙirgawa a raina ina hawaye, don wata huɗu nake roƙon in ga wannan. Ya kai kujerar mai hannu ya zauna da ƙarfi, gaban sitiyarin da babu komai a bayansa. Ya daɗe yana haki.

Sannan idonsa ya sauka a kan akwatin ƙarfen da na bari a tsakiyar falo.

Ya kalle ni. Ban taɓa ganin tsoro a idon Baba ba sai ranar.

Ya sa hannunsa mai lafiya a wuya yana jan zaren. Ya maƙale a kunnensa, Malama ta matsa za ta taya shi, ya girgiza kai. Da kansa ya cire. Ya miƙo min ɗan makullin, yana lilo.

"Baba, takardun mota ne, ko?"

"Bu...ɗe."

Na durƙusa. Sai a karo na uku makullin ya shiga. Kwaɗon ya ce ƙaras.

Ambulan ne, cike fal, an jera su a tsaye an ɗaure da robar tayar keke. Na gaba sun yi fari, na baya sun koma ruwan ƙasa. Ko ɗaya ba a farke ba.

Na zaro ta can ƙarshe, wadda ta fi tsufa.

Ba Auta aka rubuta a bayanta ba. Sunana ne na yanka, wanda mutum ɗaya ce tak take kirana da shi a duniya.

A bayana na ji ta kira ni da shi.